An Yi wa Gawa Farashi, An Manta da Mai Rai

Da zarar watan Mayu ya kama, dusar ƙanƙara ta fara janyewa daga tsaunukan Tibet, sai ƙauyuka su yi tsit. A kulle gidaje, a sallami 'yan makaranta, a ɗaure tanti da tukwane da garin sha'ir a bayan babur ko a gadon bayan yak, san nan na ƙasar mai gashi har ƙasa, a nausa sama. Can kan tuddan da suka kai mita 4,000 zuwa 5,000 sama da teku, inda iska ba ta isar huhu, magidanci da matarsa da 'ya'yansa za su wuni suna rarrafe cikin ciyawa mai raɓa, ido na ƙasa. Abin da suke nema wani ɗan tsiro ne mai launin ƙasa-ƙasa, da ƙyar ya kai tsawon ɗan yatsa. Yara sun fi manya iya hango shi. In an gan shi sai a sa 'yar fartanya a ɓanɓaro ƙasar a hankali, domin kuɗin yana ƙarƙashi: gawar wata tsutsa ce da ta sandare, tsiron nan ya fito ta kanta.

Mutanen Tibet suna kiran abin yartsa gumbu, a Nepal a ce yarsagumba. Sai a goge masa ƙasa da buroshin haƙori, a shanya, a kai wa dillali. Daga hannu zuwa hannu har ya isa manyan kantunan Bejin da Shanghai da Hong Kong, inda ake jera shi cikin akwati mai shimfiɗar jan yadi. A shekarar 2017 kilo ɗaya na mafi kyawunsa ya haura dala 140,000 a Bejin, wato ya ninka farashin zinariya na lokacin sau uku da 'yan kai.

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan kuɗi. An yi fina-finai a kan masu haƙa, an yi dokoki a kan lasisi da haraji, an yi taruka a kan farashi. Wanda ba a cika ambata ba shi ne ƙwaron da ya haifi tsutsar. Shi nake so mu yi magana a kansa yau, domin a ganina duk wata doka da za a yi don kare wannan arziki, muddin ba ta faro daga kansa ba, wahalar banza ce.

Ƙwaron dangin faɗa-wuta ne, irin ƙwarin daren nan masu ƙura a fukafukai. Masana suna kiran zuriyarsa Thitarodes. Ba shi da adon malam-buɗe-littafi. Launinsa toka-toka ne da ɗigon ƙasa-ƙasa, in ya buɗe fukafukai faɗinsu santimita huɗu ne ko kusa da haka, in kuwa ya lafe cikin ciyawa sai ka taka shi ba ka gan shi ba. Kusan dukan rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa yake yin ta. A 'yan watannin ɗumi na tsaunukan, macen takan watsa ƙwai ɗaruruwa a tsakanin ciyayi. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta nutse, ta haƙa wa kanta rami, ta lailaye shi da zaren da take fitarwa, ta zauna tana gaigayar saiwoyi. Hunturu ya zo, ƙasa ta daskare, sai ta ƙara yin ƙasa ta yi likimo har sanyi ya sassauta. Haka za ta yi ta yi, tana ci tana saɓa, shekara uku, shekara huɗu, wani lokaci har biyar. Bayan duk wannan ne za ta rikiɗa, mai fukafukai ya fito sarari. Shi kuma Allah bai yi masa bakin cin abinci ba. Da kitsen da tsutsa ta tara yake tashi, kwanakinsa kuma ƙalilan ne. Ya fito da magariba, namiji ya nemi mace, mace ta zubar da ƙwai, rayuwa ta ƙare. Shekaru huɗu cikin duhu domin 'yan dararen da ba su cika mako ba.

Akwai wani abu game da macen da ya kamata duk mai tsara doka ya riƙe. Cikinta cike yake da ƙwai, ta yi nauyi, ba ta iya yin nisa. Inda ta fito, kusa da nan take zubar da ƙwanta. Saboda haka, tsawon zamunna, kwaruruka masu zurfi da koguna sun raba zuriyar gida-gida, kowane jerin duwatsu da nasa irin. Masana sun lissafa fiye da iri 50 da tsiron nan ke fitowa ta kan tsutsarsu, kuma da yawansu a yanki guda kawai aka san su, wasu ma a dutse guda. Ma'anar wannan a fili take. In makiyayar wani dutse ta lalace, ƙwaron da ke wurin ba shi da inda zai yi ƙaura, kuma babu wani da zai taso daga nesa ya maye gurbinsa. Iri guda sukutum zai iya shuɗewa a kan tudu ɗaya, ba tare da an taɓa ɗaukar hotonsa ba.

Yadda tsutsa ke zama haja kuwa, abin al'ajabi ne kuma abin tausayi. Wani naman gwari ne, ɗan uwan fumfuna, ƙurar irinsa ke shiga jikinta. Ba ya kashe ta nan take. Yakan zauna cikin jininta tsawon lokaci, tana ci yana ci. Sai wata kaka, gab da sanyi, ya ci ƙarfinta: ta hauro kusa da fuskar ƙasa, ta tsaya kai sama, ta mutu a haka. Zaruruwansa su cika cikinta fal, fatar waje kawai ta rage da siffarta, har ƙafafu ana ƙirgawa. Da ƙanƙara ta narke sai ya tsiro ta kanta ya huda ƙasa. In an bar shi makonni, kansa zai nuna ya saki ƙurar iri, iska ta watsa, wasu tsutsotsin su kamu. Naman gwarin nan ba ya tsira a kan itace ko taki ko wani ƙwaro dabam. In babu wannan tsutsa, babu shi.

Duba tarihin sanin abubuwan biyu, za ka ga inda hankalin ɗan Adam ya karkata tun asali. Wani likitan Tibet, Zurkhar Nyamnyi Dorje, ya rubuta amfanin yartsa gumbu tun ƙarni na 15. Littattafan magungunan Sin sun shigar da shi a 1694. Wani masani ɗan Ingila, Berkeley, ya raɗa wa naman gwarin sunan kimiyya a 1843. Ƙwaron kuwa, a 1909 wani Bafaranshe, Charles Oberthür, ya bayyana iri ɗaya daga cikinsu, kuma sai a 1968 aka ware musu zuriya tasu ta kansu. An shafe fiye da shekara 400 ana shan gawar 'ya'yansa kafin a tsaya a dubi fuskarsa.

Da can yartsa gumbu abin fadar sarakuna ne da masu hali, ana musayarsa da ganyen shayi da siliki. Haukan farashi na zamaninmu ne. A watan Satumbar 1993, a gasar wasanni ta ƙasa a Bejin, 'yan matan Sin suka karya tarihin duniya a tseren mita 1,500 da 3,000 da 10,000 cikin 'yan kwanaki. Mai horar da su, Ma Junren, ya ce sirrin shi ne atisaye a kan tsaunuka da romon kunkuru da wannan tsutsa. Daga baya, a shekarar 2000, an cire 'yan wasansa shida daga tawagar da za ta gasar Olamfik ta Sidni bayan gwajin jini, amma a lokacin labarin tsutsa ya riga ya zaga duniya. Annobar SARS ta 2003 ta ƙara wa wutar fetur, aka yi ta yaɗa cewa yana kare huhu. Tsakanin 1997 da 2008 farashinsa ya ninka kusan sau goma. Wasu na saye don ƙoda, wasu don tari, wasu don ƙarfin maza. Da yawa kuma ba don sha suke saye ba, don kyauta ne ga manya, irin kyautar da ake kai wa wanda ake neman alfarma a wajensa. Shi ya sa da gwamnatin Sin ta tsananta yaƙi da cin hanci daga 2013, kasuwarsa ta ɗan girgiza. Ta fuskar likitanci, masu bitar gwaje-gwajen da aka yi a kansa sun sha cewa hujjojin suna da rauni, kuma a 2016 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi cewa ta sami gubar asanik mai yawa a samfuran da ta auna, ta ce yawan shan sa na da haɗari.

Duk da haka ba zan raina abin da kuɗin ya yi wa mutanen tsaunuka ba, kuma ba na goyon bayan masu zama a birane suna cewa a hana haƙa baki ɗaya. Wani masani Bajamushe, Daniel Winkler, wanda ya daɗe yana bin wannan fatauci, ya ƙiyasta cewa a 2004 yartsa gumbu ne ya samar da kashi 40 cikin ɗari na tsabar kuɗin da ke shiga hannun mutanen karkara a yankin Tibet mai cin gashin kansa. A wurare irin su Nagchu da Yushu da Golog, aikin makonni shida kan ciyar da gida shekara guda. Da shi aka gina gidaje, aka sayi babura, aka kai yara makaranta, aka biya kuɗin asibiti. Makiyayan da gwamnati ta tsugunar a garuruwa, suka rabu da garkunansu, da yawansu da shi suke riƙe da kansu. A birnin Xining, inda babbar kasuwarsa take, Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu fararen huluna su ne manyan dillalai, suna ciniki da yatsu a ɓoye ƙarƙashin ƙyalle don kada na gefe ya ji farashi. Wannan abinci ne na dubban ɗaruruwan bayin Allah, a ƙasar da ba a noma sai kaɗan. Dalilin da ya sa raguwarsa ta zama abin tsoro ke nan.

Kuma yana raguwa. A gundumar Dolpa ta Nepal, wasu masu bincike biyu, Uttam Babu Shrestha da Kamaljit Bawa, sun gano cewa abin da mutum ɗaya ke samu a kaka ya faɗo daga ƙwaya 260 da 'yan kai a 2006 zuwa kimanin 125 a 2010. A watan Yulin 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa naman gwarin cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, ta ce ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin ɗari a shekara 15. Inda abu ya yi tsada kuma ya yi ƙaranci, jini ba ya nisa. A 2009, a ƙauyen Nar na gundumar Manang a Nepal, an kashe mutum bakwai da suka zo haƙa daga Gorkha, kuma a 2011 kotu ta sami mutum 19 na ƙauyen da laifi.

Mai hankali zai iya tsayar da ni a nan ya ce: to ina ruwan ƙwaro da wannan? Tsutsar da ake haƙowa ai ta riga ta mutu. Naman gwarin ma abokin gabarta ne, in ya ragu ita ce da riba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a amsa ta. Gaskiya ne cewa cire gawar ba ya rage ƙwaron kai tsaye. Wanda cirewar ke cutarwa nan take shi ne naman gwarin, domin kasuwa ta fi son wanda bai nuna ba, mai taurin jiki, don haka ake rige-rigen tuge shi tun bai saki iri ba. Amma ɓarnar da ake wa ƙwaro ba a hannun mai tugewa take ba, a ƙarƙashin ƙafarsa take.

Ƙasar waɗannan tsaunuka ba irin tamu ba ce. A samanta akwai wata tabarmar saiwoyi mai kauri, wadda wata gajeriyar ciyawa ta saƙa a hankali cikin ɗaruruwan shekaru. Irin wannan makiyaya ta mamaye kimanin murabba'in kilomita 450,000, babu kamarta a tsaunukan duniya. Ita ke riƙe ruwa, ita ke hana iska kwashe ƙasa, a cikinta tsutsa ke ci, ke kwana, ke ɓuya daga sanyi. Yanzu a ƙiyasta. Winkler ya sa abin da ake haƙowa a shekara tsakanin kimanin tan 80 zuwa 180, kuma kilo ɗaya kan ɗauki ƙwaya 2,000 zuwa 4,000. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ramuka ne fiye da miliyan ɗari a kowace shekara, kuma a daidai wuraren da tsutsotsi suka fi yawa, tunda can ake samun hajar. Ramin da aka mayar masa da ƙasarsa yakan warke. Wanda aka bari a buɗe kuwa, sanyi da iska su yi ta ci masa baki har ya zama tabo. Ƙara da dubban ƙafafu masu tattaka tudu guda wata biyu cur, a daidai lokacin da tsutsotsin da suka tsira ke haurowa sama don rikiɗa. Ƙara da sare 'yan ƙananan itatuwan tsauni don girki da jin ɗumi, alhali suna shekaru kafin su yi tsawon kamu ɗaya. Ƙara da shara da leda da kwalabe da sansanoni ke bari. Inda tabarmar ta yage ta bar baƙar ƙasa tsirara, babu saiwa, babu tsutsa, babu ƙwaro, kuma babu yartsa gumbu na shekara huɗu masu zuwa. Tsawon ran tsutsar shi ke ɓoye ɓarnar: abin da aka lalata bana, sai bayan shekaru zai bayyana a aljihu, lokacin da kowa ya manta sanadi.

Sai kuma ɗumamar yanayi, wadda ba makiyayin Tibet ne ya jawo ta ba. A 2018 Kelly Hopping ta Jami'ar Stanford a Amurka da abokan aikinta sun haɗa bayanan masu haƙa da na yanayi, suka nuna cewa yartsa gumbu ya fi yabanya a wurare masu tsananin sanyi, kusa da inda ƙasa ba ta narkewa, kuma hunturun yankin ya yi ta sassautawa tun daga ƙarshen shekarun 1970. A wasu sassan Butan ƙarin ɗumin hunturu ya kusa digiri 4. Halittar da ta saba da sanyi, in zafi ya biyo ta, sama take hawa. Amma dutse yana da ƙarshe, kuma can ƙololuwa tsakuwa ce da ƙanƙara, babu ciyawa. Macen da ba ta iya tsallake kwari ɗaya ba za ta yi tsere da yanayi ta ci ba.

Duk da wannan, sunan da ke cikin takardu na naman gwarin ne. Shi Sin ta sa cikin jerin tsirrai masu kariya tun 1999. Shi ake ba da lasisi a kansa, shi ake aunawa a sikeli, shi ake karɓar haraji a kansa. Lamarin ya yi kama da na mai garken da ke ƙirga ƙoren nono kullum safiya, amma bai taɓa leƙa ruga ya duba lafiyar shanun ba. Gwamnatocin da ke karɓar kuɗin lasisi daga talakawa masu rarrafe a kan dutse, haƙƙi ne a wuyansu su mayar da wani kaso cikin aikin ƙirga ƙwaron: iri nawa ne, a wane dutse kowane yake, yaushe yake tashi, wace ciyawa yake ci. Wannan ba aiki ne mai tsada ba idan aka gwada da abin da fataucin ke kawowa. Ɗalibai ne da fitila da haƙuri da albashi.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an riga an ga hanyoyin da ke aiki, kuma ba daga manyan ofisoshi suka fito ba. A kwarurukan Nubri da Tsum na Nepal, mutanen gari ne suka tsara wa kansu ƙa'ida: baƙo ba ya haƙa, dattawa ke sa ranar farawa, babu mai hawa dutse kafin ranar, kowane mai haƙa ya yi rajista ya biya wani abu a asusun gari. Butan, wadda ta halatta haƙa a 2004, ta keɓe izinin ga mazauna tsaunukan kaɗai, ta ƙayyade mutum nawa ke fita daga kowane gida, ta taƙaita lokacin zuwa wata guda, sannan a sayar a gwanjon da hukuma ke sa ido a kai. A wasu sassan Tibet kuma akwai duwatsun da mutane ke girmamawa bisa addininsu, ba a haƙa a kansu ko kaɗan, sun zama mafakar da iri ke tsira. Babu wanda ya ce waɗannan tsare-tsare ba su da gyara. Amma duk sun haɗu a kan abu ɗaya: mutumin da ya tabbata dutsen nan nasa ne baɗi da baɗin baɗaɗa, shi ke mayar da ƙasa cikin rami. Wanda ya biya kuɗin hayar makiyaya na kaka ɗaya, ya taso daga nisan kilomita ɗari biyar da bashi a kansa, ba shi da dalilin barin ko ƙwaya ɗaya ta nuna. Don haka ba na ɗora laifi a kan mai fartanya. Laifin yana kan tsarin da ya buɗe dutse ga kowa ya kuma hana masu shi iko da shi, da kuma attajirin da ke sayen akwati guda don ya burge wani attajiri.

A kan waɗannan ƙa'idoji akwai abin da za a ƙara domin ƙwaron kansa. A rufe haƙa kafin lokacin tashinsa. A keɓe wani sashe na kowane tudu a huta da shi, ba shekara ɗaya ba, shekara huɗu ko biyar, gwargwadon ran tsutsa. A kafa sansanoni nesa da wuraren da ya fi yawa, a kai wa masu haƙa makamashi don su bar itatuwa.

Wasu suna ganin mafita ta riga ta zo daga masana'anta. Cikin shekarun baya-bayan nan wasu kamfanonin Sin sun iya kiwon ƙwaron a ɗakuna masu sanyi, su harba wa tsutsa naman gwarin, su girbe tan-tan. Nasara ce ta ilimi, ba musu. Amma ina tsoron abin da za ta haifa. In farashi ya faɗi, makiyayi ne zai fara shan wuya. In kuma masu kuɗi suka dage sai na dutse, kamar yadda alamu ke nunawa, haƙa ba za ta tsaya ba. Mafi muni, masu mulki za su sami uzurin cewa ai an ceci halittar, alhali iri kaɗan ne ke cikin ɗakunan, sauran gommai suna can a kan duwatsun da ke ɗumama. Ajiye iri biyu ko uku a masana'anta bai zama kare zuriya ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce wannan labarin nesa ne. Bai kai nisan da ake zato ba. Kwalaben maganin ƙarin lafiya masu ɗauke da sunan Cordyceps, waɗanda 'yan talla ke yawo da su a ofisoshi da gidajen biki, da sunan naman gwarin wannan tsutsa suke cin kasuwa. Galibin irinsu a tankunan masana'anta ake noma abin da ke ciki, ko kuma wani ɗan uwan naman gwarin ne da ake shukawa a kan hatsi. Abin da ya taɓa fin zinariya tsada ba zai zo maka a kwalbar naira dubu kaɗan ba, don haka a yi hattara da kuɗi da kuma lafiya.

Mu ma kuma mun ci arzikin faɗa-wuta ba mu tambayi sunansa ba. Zaren tsamiya da maɗinkan Kano da Zariya da Bida suka yi wa manyan riguna aiki da shi, wasu tsutsotsin daji ne ke saƙa shi a jikin doka da tsamiya. Yau zaren kanti ya karɓe kasuwa, dazukan doka kuma gatari da masu gawayi suna ta cin su. Muna kuma da namu makiyayan tsauni. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 a Gashaka-Gumti, da tuddan da suka zarce cikin Kamaru, wurare ne masu sanyi da ke tsaye a tsakiyar ƙasa mai zafi, kuma an san su da tsuntsaye da kwaɗi da tsirran da ba a samu a ko'ina sai can. Ana ƙona ciyawarsu duk rani, shanu sun yi musu yawa, an dasa itacen turare a inda da ciyawa ce, masu neman shuɗin dutse mai daraja sun bar ramuka a wajen Nguroje. Halittar da ke ƙarƙashin ciyawar Mambila ba ta da wata haja mai tsada da za ta ja hankalin duniya gare ta. In na Tibet, da duk kuɗin da ke kansa, ya sha wannan mantuwa, to namu sai mun tashi da gangan. Mu da muka tashi muna karanta surori masu sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, bai dace a same mu cikin masu cewa ƙwaro ba abin kulawa ba ne.

Akwai tashar bincike a dajin Ngel Nyaki a kan Mambila, wadda ta shafe shekaru tana horar da ɗalibanmu. Ina kira ga sassan nazarin halittu na jami'o'in Jalingo da Wukari da Yola da Gombe, da hukumar kula da gandun daji ta ƙasa, da su faɗaɗa aikin daga cikin daji zuwa filin ciyawa, su tura ɗalibai su tattara ƙwarin daren tsaunin, su ba su suna, su rubuta inda kowane yake, su kuma buga sakamakon da Hausa da Fulatanci don makiyayi da manomin wurin su karanta. Gwamnatin Taraba ta ware kuɗin wannan aiki a kasafin baɗi.